Neman shawara: wane kafireto zan ɗora wa Chevy 350 ta yawon gari?

Ɗan Houston: Assalamu alaikum jama'ar gareji. Yau kuka na kawo gida. Waɗanda suka daɗe a zauren nan sun san tsohuwar akori-kurata, Chevy C10 ƙirar 1972, wadda na shekara biyu ina fama da ita a bayan gida. To an haɗa inji, alhamdu lillahi. Silinda takwas ne, 350, wato lita 5.7. Na sa masa kamshaf mai ɗan zafi amma ba na tsere ba, da manifol Performer RPM, da bututun salansa masu faɗi. Giya otomatik ce, TH350 mai hawa uku, kwanbatarta (abin da ke haɗa inji da giyar otomatik) ta asali, aksul ɗin baya kuma 3.08, wato sandar giya ta juya sau 3.08 kafin taya ta juya sau ɗaya. Ba filin tsere zan kai ta ba. Masallacin Juma'a, cefane, sai ran Asabar in ɗan taka ta a babban titi.

Ga inda gizo ke saƙa. A wata kasuwar tsofaffin kayan mota na tsinci kafireto Holley 750 mai famfo biyu a hannun wani dattijo, da araha, yana ƙyalli. Na ɗora. Tun ranar, in na danne totur daga tsaye sai motar ta ƙware kamar wanda ya haɗiyi loma ba ruwa, ta yi shiru na daƙiƙa guda, sannan ta zabura. In tana silo, wato inji na aiki a tsaye, a cikin gareji hayaƙinta har hawaye yake sa ni. Fulogai baƙi ƙirin. Mai kuwa mil 8 take yi a galan.

Abin da ke gabana huɗu ne: Holley 600 mai lamba 1850, Edelbrock 1406 shi ma 600, Edelbrock AVS2 650, ko in mayar da Quadrajet ɗin da motar ta zo da shi, yana nan cikin kwali. Wanne zan bi?

Sarkin Gudu: Wa alaikumus salam. Haba Yaya, mutum ya samu 750 ya koma 600? Ai wannan sauka daga doki ne a hau jaki. Canja jet kawai, 'yan ramukan nan da ke auna mai. Inji mai silinda takwas iska yake so, ka ba shi iska.

Mai Fijo: Mil 8 a galan nawa ke nan da lissafinmu na nan?

Injiniya Zariya: Kilomita 3.4 a lita.

Mai Fijo: Inna lillahi. Da a Kaduna kake da ita da tuni ka ɗora ta kan dutse.

Oga Ƙofar Ruwa: Ɗana, kafin a shiga cinikin kafireto. Taimin ɗinka, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, digiri nawa ne?

Ɗan Houston: Oga, 6 na sa, kusa da abin da ke littafin motar.

Oga Ƙofar Ruwa: Littafin motar bai san ka canja kamshaf ba. Zan dawo kanka, ina ƙarƙashin wata mota.

Injiniya Zariya: Kafin Oga ya fito bari in ajiye lissafi, don Sarkin Gudu ya ce a ba inji iska, to mu ga iska nawa yake iya sha. Lambar nan 600 ko 750 ana ce mata CFM, yawan iskar da za ta iya ratsa kafireton a minti ɗaya. Inji mai bugu huɗu sau ɗaya yake cika silindarsa a zagaye biyu, don haka lissafin shi ne girman inji a inci kubik sau RPM, wato zagayen inji a minti, a raba da 3456. Ɗauki 350 sau 5,500, ka raba, za ka samu 557. Wannan in silindar tana cika maƙil ke nan, alhali injin titi irin naka da wuya ya wuce kashi 85 cikin ɗari. Ka ga an dawo 473.

Juya lissafin kuma. Kafin injin 350 ya shanye 750 sai ya kai kusan zagaye 7,400 a minti, yana cika maƙil. Kamshaf ɗinka ba zai kai can ba, TH350 kuma za ta canja giya tun da nisa. A babban titi da aksul 3.08, mil 60 a awa ba za ta fi zagaye 2,200 zuwa 2,300 ba. A nan motarka za ta yi rayuwarta.

Sarkin Gudu: Injiniya, lissafi daban, titi daban. Chevrolet da kansu sun ɗora Holley 780 a kan Camaro Z/28 na 1969, injin ma 302 ne, bai kai na Yaya ba. Haka LT-1 350 na 1970, shi ma 780. Su ba su iya lissafin ba ne?

Injiniya Zariya: Ka kawo hujja mai kyau, kuma gaskiya ce. Amma dubi abu biyu. Z/28 mai 302 da giyar hannu mai hawa huɗu kaɗai aka sayar da ita, ba otomatik, kuma injin yana hawa sama ƙwarai don da tsere aka yi shi a rai. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, irin kafireton nan bakuna huɗu gare su, biyu gaba biyu baya, kuma 780 ɗin da ka ambata duka biyun bakunansu na baya da zuƙar iska suke buɗewa, ba ƙafar direba ke buɗe su ba. Inji ne ke buɗe abinsa gwargwadon ƙishinsa. In 500 yake buƙata, 500 zai buɗe, sauran yana nan a rufe. Na ɗan'uwanmu kuwa mai famfo biyu ne, ƙarfe ne ya haɗa gaba da baya, yana danna ƙafa bakuna huɗu su wangale lokaci guda, ko injin ya shirya ko bai shirya ba.

Ɗan Houston: To me ya sa wangalewar ke shaƙe ta? A tunanina iska da yawa ai alheri ce.

Injiniya Zariya: Saboda kafireto ba tura mai yake yi ba, jan sa ake yi. Cikin kowane baki akwai wurin da ya tsuke. Iska na ratsa ƙuncin nan sai ta ƙara gudu, gudun ne ke tsotso mai daga kwano ya fesa shi. Ka tuna bututun feshin maganin sauro na da, mai famfo. In ka tura da sauri ya yi feshi, in ka tura a hankali ba abin da zai fito. Injinka yana zagaye 800, ka buɗe masa ƙofofi huɗu manya, iskar ta rabu huɗu tana tafiya saɓa-saɓa, ba ta da ƙarfin jan mai. Famfon totur guda biyun nan aikinsu ke nan, su watsa ɗanyen mai su toshe giɓin kafin inji ya taso. A mota mara nauyi mai giyar hannu da aksul 4.10, inji na tasowa nan da nan, giɓin gajere ne. Taka ta doshi tan biyu, kwanbata ta riƙe injin a ƙasa, aksul dogo. Famfo ya gama watsa abin da ke cikinsa, inji bai taso ba. Shirun da kake ji ke nan.

Oga Ƙofar Ruwa: Na fito. Injiniya ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni dai ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Shekara talatin da wani abu ina wannan aiki, motar da aka kawo mini aka ce kafireto ne, sau da yawa wuta ce. Ɗana, ka amsa mini. In ka juya sukurorin nan na haɗin silo, na gefe, injin yana jin su?

Ɗan Houston: Wallahi Oga kamar ka gani. Ko na ɗaure su ko na kwance, kusan duk ɗaya.

Oga Ƙofar Ruwa: Na sani. Taimin ya yi baya, inji ba ya son tsayawa a silo, sai ka yi ta ɗaure sukurun totur don kada ta mutu. Haka ne?

Ɗan Houston: Haka aka yi.

Oga Ƙofar Ruwa: To sauke kafireton, zubar da man, ka kifa shi a kan tebur. Dubi bakin gaba, daidai gefen faifan da ke buɗewa. Akwai wata 'yar tsaga siririya a jikin bangon, a tsaye. Abin da ya kamata ya leƙo ƙarƙashin faifan ɗan kaɗan ne, tsawonsa daidai da faɗinsa, kamar ƙwayar gero mai kusurwa huɗu. Naka na tabbata ta fito doguwa. Tsagar nan an yi ta ne don ta ba da mai lokacin da ka fara taɓa totur. Kai ka buɗe ta tun a silo, mai yana ta zuba, shi ne yajin da ke shiga idonka, kuma sa'ad da ka taka babu sauran abin da za ta ƙara. Kai taimin 12 ko 14, silo zai hau da kansa, sai ka kwance sukurun totur faifan ya koma mazauninsa.

Injiniya Zariya: Na sara wa Oga, wannan ban kawo shi ba. Ƙari ɗaya: in ka ɗaga na farko ka duba jimillar ma da fitilar taimin. Irin wannan injin 34 zuwa 36 yake so gaba ɗaya, ya gama shiga wajen 3,000. In distirbitar ta wuce haka sai ka rage mata tafiya, kada fistin ya fara ƙwanƙwasa.

Oga Ƙofar Ruwa: Mu da kunne muke yi, amma shi tunda yana da fitila ya yi da fitila. Kuma ɗan tiyon nan da ke tafiya gwangwanin distirbita, mai ƙara taimin da zuƙar iska, yana haɗe?

Ɗan Houston: Na toshe shi. An ce mini motocin tsere ba sa amfani da shi.

Oga Ƙofar Ruwa: Motocin tsere ba sa zuwa cefane. Mayar da shi. Rabin man da kake kuka a nan yake tafiya.

Kawu Chicago: Salamu alaikum. Na ga ana ta Holley da Edelbrock, an manta da abin da ke cikin kwali. Ɗana, da tsohuwar zuma ake magani. Quadrajet ɗin nan na Rochester tun 1965 kamfanin GM mai Chevrolet ya fara ɗora shi, kuma yawancinsu 750 ne, wasu 800. Ka ji, Sarkin Gudu? Girman da kake so yana nan. Bambancin, bakunansa na gaba ƙanana ne sosai, na baya kuma manya kamar bakin kofi, da murfi a samansu wanda iska ke turawa a hankali. A cikin gari kan ƙananan kake tafiya, totur yana amsawa tsaf, mai kaɗan. Ka danne, na baya su buɗe da wani gurnani da duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Har a kan injin Pontiac mai silinda shida aka ɗora shi a 1966, bai yi masa yawa ba. Na riƙe tsohuwar Caprice shekara tara da shi, cikin sanyin garin nan da ƙanƙara, ban taɓa sauke shi ba sai sau ɗaya don wanki.

Ɗan Houston: Kawu, na so haka. Amma manifol ɗina bakinsa huɗu daidai-wa-daida ne, Quadrajet ba zai zauna ba sai da adafta.

Kawu Chicago: Ash. Da Performer na talaka ka saya, shi yana karɓar duka biyun. Adafta kam ban so ba, yana ɗaga kafireto sama kuma yana karya hanyar iska. Sannan in faɗa maka gaskiya, wanda ya shekara hamsin sai an duba sandar totur ɗinsa ko ta ci ta fara shan iska, da matosan ƙarƙashin kwano ko suna yoyo. Masu iya gyara shi sun yi ƙaranci. In ba ka da haƙuri bar shi a kwalin, amma kada ka sayar.

Ɗan Gayu: Jama'a wai har yanzu kafireto? Sa mata Holley Sniper mana. Kamar kafireto yake a ido, kan manifol ɗin nan naka zai zauna, amma injekta ne, kwamfuta ce ke saita kanta. Ka tayar da safe ba cok ɗin tayar da inji mai sanyi ba komai.

Ɗan Houston: Na duba shi. Kuɗinsa ya ninka na kafireto, kuma ba a nan ya tsaya ba. Yana son mai da ƙarfin psi 58, ni famfona na jikin inji 6 yake bayarwa. Sai sabon famfon lantarki, sabon layin mai, a taɓa tanki, a huda salansa a sa sensa. Ni kuma so nake in buɗe bonet da sukundireba ɗaya in gane abin da ke faruwa.

Oga Ƙofar Ruwa: Allah ya yi maka albarka.

Ɗan Gayu: Oga dai ba ya son a raba shi da sukundireba.

Mai Zaure: A bar maganar injekta zuwa wani zaren, tambayar kafireto aka yi.

Kawu Chicago: To tsakanin ukun da suka rage. Edelbrock jikan Carter AFB ne. Abin da nake so da shi, babu gasket ƙasa da layin mai, kwanon a jikinsa yake, saboda haka ba ya ɗiga a kan manifol. Saitinsa da allurai ne da 'yan sifirin. Ka kwance sukuru biyu a sama, ka zaro allura ka sa wata, minti biyar, ko ɗigon mai ba za ka zubar ba. Sai dai ka sani 1406 an saita shi ne don tsimin mai, da kamshaf irin naka wataƙila ka ƙara masa kaɗan. 1405 ya fi shi sakin mai amma cok ɗinsa na hannu ne. AVS2 kuwa feshinsa na gaba zobe ne mai ƙananan huji kewaye, yana niƙa mai sosai a ƙaramin gudu, kuma murfin bayansa da sukuru ake saita shi. Don yawon gari ni shi zan ɗauka.

Injiniya Zariya: Kawu, a ƙara masa da maganar zafi. Houston ba Chicago ba ce. Irin wannan ƙirar kwanon man yana zaune daf da manifol, ga man Amurka akwai kashi 10 na ethanol a ciki, yana saurin tafasa. Ka tsaya minti goma sha biyar a rana, ka dawo ka yi ta murza ki. Maganin sifesa ce ta katako ko ta roba mai tauri a ƙarƙashi, rabin inci, da kuma tsare ƙarfin mai kada ya haura psi 6, an fi son 5.5. Holley yana jure har 7, kuma fulot ɗinsa daga waje ake saitawa, ka cire ɗan sukurun gefe ka ga mai yana taɓa bakin ramin.

Sarkin Gudu: Ni dai duk wanda na gani yana gudu na gaske Holley ne a kansa.

Kawu Chicago: Ba musu. Holley ya fi yawan wuraren taɓawa: jet, fawa-bawul mai ƙara mai in an danne, bakin famfo, kam ɗin famfo mai launi-launi, sifirin ɗin baya. Wanda ya iya zai kai shi inda yake so. Wanda bai iya ba kuma hanyoyin ɓata shi ma sun fi yawa. Amma 1850 ka lura, bayansa faranti ne ba jet ba, in kana son canja man baya sai ka canja farantin ɗungurungum.

Mai Fijo: Ku yi haƙuri in ɗan ratsa, tunda manya sun hallara. Fijo 504 ce da ni, haɗin Kaduna, injin lita biyu. Solex ɗinta ya gaji, sandar ta ci, silo ba ya zama wuri ɗaya. Wani a Panteka ya nuna mini Weber iri biyu, 32/36 da 38. Ya ce 38 ya fi wuta. Lissafin Injiniya yana aiki a nan?

Injiniya Zariya: Yana yi, da sharaɗi. Injinka cc 1,971 ne, kusan 120 a ma'aunin Amurka. Sau 5,500 a raba da 3456 ya ba da 191, ka cire abin da ba ya cika, kana wajen 150 zuwa 160. Sharaɗin shi ne kada ka gwama lambar mai baki biyu da ta mai baki huɗu kai tsaye, ba da ma'auni ɗaya ake gwada su ba. Mai baki biyu da aka rubuta wa 500 bai fi 350 da ɗoriya ba a ma'aunin mai huɗu. Amma ainihin maganarka irin ta ɗan'uwanmu ce sak. 32/36 bi-da-bi yake buɗewa, ƙaramin baki tukuna, sai ƙafa ta yi nisa babban ya biyo. 38 kuwa biyun tare suke tashi. A go-sulon Kawo da farashin mai na yanzu, ka san amsa.

Oga Ƙofar Ruwa: 32/36. Kuma ka buɗe ido, na kwaikwayo sun cika kasuwa, jet ɗinsu lambar da ke jiki daban ramin daban. Weber ba ya son matsin mai, 3 ta ishe shi, in ya fi haka obafulo zai yi ta yi. Kafin ma ka saya kawo Solex ɗin a sa masa bushi a sandar, sau da yawa shi ke nan.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga Oga. Mu nan abin da ke kashe karbiratar ba girma ba ne, ƙura ce da esansin kwalba. Na ga masu sa Weber a Hilux suna jefar da tukunyar iska ta asali su ɗora ɗan ƙaramin filta mai ƙyalli a sama. Wata uku a hanyar Dakoro, ringi ya tafi. Duk abin da za ka ɗora ka nemi yadda zai sha iska ta tukunyar asali.

'Yar Jos: Tambaya daga ƙanwarku. 505 ɗin Babanmu in an saita ta a Kano ta dawo Jos sai ta riƙa baƙin hayaƙi kaɗan. Bakanikenmu ya ce iska ce. Da gaske ne ko dai kare abokin sana'arsa yake?

Injiniya Zariya: Gaskiyarsa. Jos ta haura mita 1,200 a sama da teku, Kano ba ta kai 500 ba. Iskar sama ta fi sauƙi, kafireto kuma bai san an hau dutse ba, man da ya saba shi zai bayar. Ƙa'idar Holley ita ce a rage jet lamba ɗaya a duk ƙafa 2,000. A saita ta a Jos tunda can take kwana.

'Yar Jos: Na gode Yaya, zan faɗa wa Baba ya daina zargin mutane.

*Bayan kwana shida*

Ɗan Houston: Jama'a na dawo da rahoto. Oga, na kifa kafireton kamar yadda ka ce. Tsagar nan ta fito ta kai tsawon ƙwayar shinkafa. Na ɗauki hoto na tura maka ta gefe. Na kai taimin 14, jimilla 35, na mayar da tiyon distirbita. Silo ya haura 1,100 da kansa, na kwance sukurun har ya sauko 750 a giya. Yanzu sukurorin haɗi suna aiki, in na ɗaure su har ƙarshe injin mutuwa yake, wanda Kawu ya ce mini alama ce fawa-bawul bai fashe ba. Agogon zuƙa yana nuna 12 a giya. Yajin ido ya tafi. Duk wannan da 750 ɗin a kai.

Sarkin Gudu: Allahu akbar! Ban faɗa ba? 750 ba shi da laifi.

Ɗan Houston: Tsaya ƙanena, ban gama ba. In na taka a hankali lafiya lau. In na danne gaba ɗaya daga tsaye har yanzu tana ƙwarewa, ba kamar da ba, amma tana yi. Na ƙara girman bakin famfo daga 28 zuwa 31, shirun ya ragu, sai baƙin hayaƙi ya biyo baya. Maƙwabcina yana da Holley 600 mai buɗe baya da zuƙa a ajiye, ya ara mini ran Asabar. Gani ya kori ji. Daga danja, taya ta yi ƙara a karon farko tun da na haɗa motar. Na gwada su a hanya ɗaya da agogon waya, sau uku-uku, daga tsaye zuwa mil 60, ƙaramin ya riga kowane karo. Abin da zan ba 750, can sama wajen 5,000 kamar ya fi ɗan numfashi. Amma daidai nan giya ke canjawa.

Sarkin Gudu: To a canja kwanbata da aksul mana, a sa 3.73.

Kawu Chicago: Wato a sayi doki saboda an tsinci linzami. Da 3.73 da giya mai hawa uku zai riƙa tafiya a 2,700 a babban titi, matarsa ba za ta sake shiga motar ba.

Ɗan Houston: Kawu ka san gidan. Amma akwai abin da ya dame ni. Na tsaya a gareji na yi ta zuga totur ina leƙawa, bakunan bayan 600 ɗin ko motsi. Kuma a hanya ban ji lokacin da suke buɗewa ba. Anya suna aiki? Wani ya ce in sa sukuru a cikin ƙarfen don ya tilasta su.

Kawu Chicago: Kul. In ka sa sukurun nan ka mayar da shi irin wanda ka sauke, kuma ba famfo na biyu da zai rufa masa asiri. A tsaye ba za su buɗe ba ko ka zuga har gobe, sai inji yana jan kaya. Samo ɗan ƙarfen maƙale takarda, ka maƙala shi a sandar da ke fitowa daga gwangwanin baya, ka tura shi sama ya taɓa gindin gwangwanin. Je ka danne ta a giya ta biyu ka dawo. In ka tarar ya zame ƙasa, sun buɗe, kuma nisan da ya zame shi ne iya buɗewarsu. Rashin jin komai shi ake nema. Bugun da yara ke jin daɗi suna cewa baya ya shigo, tuntuɓe ne inji ya yi ya tashi. Sifirin ɗin cikin gwangwanin launi-launi ne, fari ya fi taushi, baƙi ya fi tauri. Ka riƙa sauka mataki-mataki har ka ji ɗan tuntuɓe, sai ka koma ɗaya baya. Mota mai nauyi irin taka ba za ta so mai taushi sosai ba.

Injiniya Zariya: Kuma kada ka manta wayar kikdawun ta TH350, mai sauko da giya in an danne, ka tabbata tana jawuwa har ƙarshe in totur ya kai ƙasa. In wata rana ka koma giyar 700R4, wayarta ba wasa ba ce, ita ke riƙe da matsin man giya, in ta zauna ba daidai ba giyar ƙonewa take. Sannan duk gwajin nan da filta a kai, da abin kashe gobara kusa.

Ɗan Houston: An gama. Na yi odar 600 irin na maƙwabcin amma mai cok na lantarki, da sifesar katako. Kawu ka yi haƙuri ban bi AVS2 ba, na riga na tara jet da gasket na Holley a gida, kuma wanda na gwada da ƙafata shi na sani. Tankin farko da na aron ya ba ni mil 13 a galan.

Injiniya Zariya: 5.5 a lita, kafin Mai Fijo ya tambaya.

Mai Fijo: Har yanzu dutse zan ɗora ta. Oga, ran Talata zan shigo Kano da Solex ɗin a leda.

Sarkin Gudu: Yaya, 750 ɗin nawa za ka bar mini?

Oga Ƙofar Ruwa: A kan me za ka ɗora shi, Golf ɗin taka? Mai Fijo, ka zo kafin azahar, kuma ka taho da manifol ɗin ma in duba fuskarsa. Ɗana na Houston, bayan mil ɗari ka cire fulogi na 1 da na 7 ka turo mini hotonsu a rana, ba a hasken gareji ba.